Shekarar da Na Ɗaure Gwaiba a Paraku

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da lambu a bayan gidanmu na Jugu, kuna ɗauka da ma can haka wurin yake. Kun kuma sha ji a wajen suna ko zaman makoki, wai Kawu Bawa korata ya yi daga sana'ar goro don ba ni da kan kasuwa. Na daɗe ina jin wannan magana ina ƙyalewa, saboda masu yin ta 'yan'uwa ne, kuma ba da mugunta suke yi ba. Amma yanzu da na ga jikoki sun fara ɗauka, gara ku ji daga bakina. Kawu bai kore ni ba. Ni na ce masa a'a, a tsakiyar rumfarsa, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma abin da ya sa na ce a'a ɗin rassan itace ne goma sha huɗu da na naɗe da tsumman buhu.

Gidanmu gidan fatake ne. Kakanninmu da ayarin goro suka zo, suka sauka Jugu hutawa, suka yi aure, suka zauna. Filin da ke bayan gida nan ake sauke kaya, nan ake ɗaure jakuna, wani lokaci har ba ka ganin ƙasa don yawansu, in ji Baba. Ni ban riski wannan ba. Lokacin da na yi wayo motoci sun karɓe hanya, filin ya zama kango, ba kowa sai ciyawa da kaji. Abin da kawai na lura da shi tun ina ƙarami, ciyawar wurin ta fi ta ko'ina tsawo da duhu, kuma in ka tona da sanda ƙasar baƙa ce wuluk, tana da laushi kamar gari. Kashin jakuna ne na shekara da shekaru ya ruɓe a ciki.

Bayan Faransawa sun sauke tutarsu da 'yan shekaru, ƙasar tana amsa sunan Dahome tukuna, Baba ya tura ni Paraku wajen Kawu Bawa, wan Inna, in koyi goro. Rumfarsa ba nisa da tashar jirgin ƙasa, inda dogo ya ƙare. Aikina shi ne kwance huhu, in tsince goron da ya fara lalacewa, in sake ganye, in yayyafa ruwa daidai, in mayar in ɗaure. Na iya ƙwarai. Kawu yakan ce hannuna sanyi gare shi, goro ba ya mutuwa a wurina. Ba ya kirana da sunana sai Ɗan Inna, kuma ko abinci aka kawo masa sai ya ce in matso mu ci kwano ɗaya, ga ɗansa Habu yana kallo.

Wata rana da hantsi aka aike ni ɗauko kwanduna a ma'ajiyar tasha, na yanke ta bayan gidajen ma'aikatan jirgi. Wani ƙamshi ya tsayar da ni cak. Na san gwaiba, wa bai san ta ba? Amma wadda muka sani 'yar mitsitsiya ce mai tauri, duk iri, wadda ke fitowa da kanta a gefen juji. Wannan kuwa bishiyar ba ta fi tsayin katanga da kaɗan ba, ta baje rassa, kowane reshe ya rankwafa da 'ya'ya kamar dunƙulen hannun babban mutum, fatarsu rawaya. Wani tsoho mutumin kudu yana zaune a ƙarƙashinta, ya miƙe ƙafa ɗaya a kan kujera. Papa Kojo ake ce masa, mai juya wa jirgi layi. Ya ga na ƙame ina kallo, ya sa sanda ya kaɗo ɗaya.

"Prends, petit. Karɓi ka ci, kada wuyanka ya ƙage."

Na gatsa. Cikinta ja ne kamar kankana, laushi kamar ayaba, irin kaɗan ne can a tsakiya, ga zaƙi da ɗan tsami a ƙarshe. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na cinye, na tofa irin a tafin hannu, na ƙulle a bakin rigata. Tsohon ya yi ta dariya har yana riƙe ciki. Faransanci yake yi yana haɗawa da yaren Dendi, ni kuma ina kama abin da na kama.

"Me za ka yi da wannan?"

"Shukawa zan yi a gidanmu, Papa. Muna da ƙasa mai kyau."

"Zo ka gani."

Ya ɗingisa ya kai ni bakin shinge, ya nuna mini wata 'yar bishiya mai ƙananan 'ya'ya. Ya ce daga irin waccan babbar ya shuka ta, ya jira shekara huɗu, ga abin da ta ba shi. Na ɗanɗana, na tofar. Ya ce iri abin da ya ga dama yake fitarwa, in ina son ita kanta uwar, sai dai in ɗauki reshenta. Na ce ai in an sare reshe bushewa yake. Ya ce ba sarewa ake yi ba, ana sa shi ya yi saiwa ne tun yana jikin uwarsa. Ya kira abin markot. Ban taɓa jin cewa reshe yana yin saiwa a sama, tsakanin ƙasa da gajimare ba. Ranar nan na koma rumfa ba tare da kwandunan da aka aike ni ba, sai da na sake komawa da gudu.

Daga nan kullum in an tashi sallar azahar sai in biya. Ya koya mini zaɓen reshe mai kaurin babban yatsa, wanda bai tsufa ba bai kuma yi ɗanye ba. A sa wuƙa a zagaye ɓawon sau biyu, faɗin yatsu biyu tsakani, a ɓare, a kankare wannan santsin kore da ke ƙarƙashi har itacen ya fito fari. A kwaɓa ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, a dunƙula a wurin kamar curin fura, a naɗe da tsumman buhu, a ɗaure sama da ƙasa. Shi ke nan, sai ban ruwa. Lokacin babu wannan ledar da kuke naɗewa da ita yanzu ku tafi harkarku, tsumma ne, in ya bushe yini ɗaya aikin ya lalace. Ga shi bazara ce, zafi kamar wuta. Papa Kojo ya ce ba lokacinsa ba ne, da an jira ruwa ya sauka, amma ba mu da wani lokacin. Ya gama shekarun aikinsa, in damina ta zauna zai miƙa gidan ya koma kudu, kuma wanda zai gaje shi ya riga ya zo ya duba, ya ce sare bishiyar zai yi ya gina ɗakin girki.

Na ɗaure goma sha huɗu. Safe da yamma ina ɗauko ruwa a famfon tasha, in hau kan tsohuwar ganga, in ɗiga wa kowane ƙulli da ludayi har ya jiƙe. Ina tafiya ina lissafin kwanaki a raina. Ina tsince goro ina ganin filin bayan gidanmu ya cika da bishiyoyi. Habu har ya fara kirana mijin gwaiba.

Ana cikin haka, ƙullin bai kai wata guda ba, Kawu ya kira ni bayan la'asar. Abokan cinikinsa biyu suna zaune, ga Habu a gefe. Fuskarsa cike da fara'a.

"Ɗan Inna, ka wanke kayanka. Jibi mota za ta tashi Gwanja sayen goro, kai za ka bi ta a madadina. Ƙafata ta gaji da hanya. Ka san goro, ka san mutane, in ka dawo lafiya wannan hanyar taka ce."

Ku fahimci abin da ake nufi da wannan. Duk saurayin da ke cikin sana'ar, abin da yake roƙon Allah ke nan. Wanda ya riƙe hanyar saye shi ne magajin rumfa. Kawu ya tsallake ɗan cikinsa ya miƙo mini. Tafiyar kuwa wata biyu ce, wani lokaci ta fi. Na tuna Papa Kojo da ƙafarsa da ba ta iya hawa ganga. Na tuna in na dawo ba shi, ba bishiya. Na durƙusa.

"Kawu, ka yi mini gafara. Ba zan iya barin gari yanzu ba."

"Wani ba shi da lafiya ne a gida?"

"A'a, Kawu. Na ɗaure gwaiba a bayan tasha, in ban ba ta ruwa ba za ta mutu."

Ɗaya daga cikin baƙin ya fashe da dariya, yana tsammani wasa nake. Kawu bai yi dariya ba. Ya dube ni ya daɗe, kamar yana jiran in gyara maganar. Ban gyara ba. Ya tura hularsa baya, ya juya wajen ɗansa.

"Habu, ka wanke kayanka."

Ni kuma ya ce, "Tashi, Isiyaku."

Ran nan ya fara kirana da sunana, kuma bai sake kirana Ɗan Inna ba har ya bar duniya. Bai zage ni ba, bai hana ni abinci ba, na ci gaba da aikina a rumfa. Kwanon ne kawai aka raba. Na ji zafin abin ƙwarai, kada ku ɗauka ban ji ba. Ranar da motar ta tashi, ina tsaye ina kallon Habu a gaba kusa da direba da sabuwar hula. Amma ina barin wurin na nufi bayan tasha da bokitina.

Wata safiya, ruwan fari ya riga ya sauka, na hau ganga zan ɗiga wa ƙulli na uku ruwa sai na ga wasu fararen zare sun huda buhun sun leƙo. Na ɗauka tsutsa ce, na kai hannu zan cire, sai na ga a manne suke. Na yi tsalle daga gangar har na zubar da bokiti, na ruga ina buga ƙofa ina kiran Papa. Ya fito da zani ɗaure a ƙugu, ya sa tabarau, ya ɗaga kai ya duba.

"Voilà, ga shi nan. Ta yarda da kai."

Na rungume tsohon nan na ɗaga shi sama, yana ta cewa in sauke shi ƙafarsa na ciwo. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Goma sha biyu sun yi saiwa, biyu sun ƙi. Muka ƙara musu mako uku saiwar ta yi ja ta yi ƙwari, sa'an nan muka yanke kowanne a ƙarƙashin ƙullin da zarto, muka rage ganye, muka ajiye a inuwa. Kwana kaɗan bayan haka Papa Kojo ya ɗaure kayansa ya hau jirgin da ya yi shekaru yana juya wa layi. Ya leƙo ta taga ya ce kada in bari awaki su gan su. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san garin da ya sauka ba. Kafin sati ya zagayo an sare bishiyar.

Saura kai su Jugu da rai. A nan sana'ar Kawu ta yi mini rana. Na ɗauki tsofaffin kwandunan goro, na shimfiɗe su da ɗanyen ganye kamar yadda nake yi wa goro, na jera su uku uku, na cusa jiƙaƙƙen ganye tsakani don kada ƙullin ya girgiza, na rufe. Na je na yi wa Kawu sallama. Ya ce in gaida ƙanwarsa, Allah ya kiyaye hanya. Na hau bayan babbar mota a kan buhunan gishiri, kwanduna huɗu a gabana, buta a hannuna. Hanyar jar ƙasa ce duk ramuka, kowace gargada sai in ji kamar a ƙirjina ta faɗa. Duk inda aka tsaya, mutane suna neman abinci ni ina neman rijiya. Wata tsohuwa a motar ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai goron da ke hira da goronsa ba.

Baba yana zaure na iso. Ya ga kwandunan goro, fuskarsa ta washe, ya ce a shigo da su. Ya ɗauka Kawu ya ba ni jari ne. Da hannunsa ya kwance na farko, ya ɗaga ganyen, ya ga sanduna da curin laka.

"Mene ne wannan?"

"Gwaiba ce, Baba. Irin wadda ba a taɓa gani ba a garin nan. A filin baya nake so in dasa."

"Ina goron?"

Na gaya masa komai, ban ɓoye ba. Ya mayar da ganyen ya rufe a hankali.

"Mu fatake ne, Isiyaku. Ubana bai riƙi fartanya ba, ni ban riƙa ba. An miƙo maka hanyar Gwanja, ka dawo mini da kirare."

Ya tashi ya shige. Inna ce ta fito, ta riga ta ji daga bayan ƙofa. Ni na ɗauka faɗa za ta yi, don ɗan'uwanta na kunyata. Ta durƙusa ta taɓa ƙullin ɗaya, ta ji yana da danshi, ta dubi fararen saiwoyin.

"Abin nan da rai. Kai su baya kafin rana ta buge su. Maganar ubanka ka bar mini, ta yayana kuma sai a hankali."

Baba bai ce in dasa ba, bai kuma ce kada in dasa ba. Na haƙa ramuka goma sha biyu a baƙar ƙasar nan, na dasa da buhun da komai, na kewaye kowanne da ƙaya. Duk da haka awakin maƙwabta suka ci biyu, gara ta cinye ɗaya. Tara suka kama. Kai, yadda suka kama! Kafin damina ta ɗauke sabon ganye ya fito jawur, rassa suna miƙewa kamar ana jan su. Da rani na yi ta jan guga har tafin hannuna ya yi kanta. Inna takan zuba musu ruwan wanke shinkafa da tokar murhu, ta ce ba don ni take yi ba, tausayinsu take ji. Ita ce ma ta fara cin amfaninsu kafin su haihu. Jaririn maƙwabciyarmu ya kamu da zawo, ta tsinko ƙananan ganye na kan reshe ta dafa, aka ba shi kaɗan kaɗan, Allah ya sa aka dace. Daga nan mata suka fara sallama suna roƙon ganye, maza kuma suna roƙon ɗan reshe na asuwaki. Na zama mai gadi, ina raba musu da awo don kada su tsige mini bishiyoyi.

Da aka shiga damina ta biyu suka yi fure. Fari fat, kowanne da gashi siriri kamar an baza zare, ƙudan zuma sun cika filin da ƙara tun asuba. Na kira Inna, na kira ƙannena, har almuru ina zagayawa ina duba waɗanda suka ƙulla. Na rage 'ya'yan don bishiyoyin ba su yi ƙwari ba, sauran na naɗe su da tsumma saboda tsuntsaye da jemagu. Ranar da ta fari ta nuna, na tsinko na yanka. Tsorona kada ta fito fara mai iri. Ja ce, irin ta Papa Kojo sak, ƙamshin ma shi ne. Na yi ta zagaya tsakar gida da rabi a kowane hannu ban san wa zan fara ba. Inna ta karɓi rabi ta kai wa Baba a faranti. Ya ci, washegari kuwa na tarar ya sa an kai tabarmarsa gindin ta bakin rijiya, kuma daga ranar can yake karatunsa na hantsi.

Abin da ya biyo baya kun sani. Na ɗaure waɗannan, na dasa, na ɗaure 'ya'yansu. Mutanen ƙauyen Seru suka fara zuwa da keke suna neman dashe, mata suna ɗaukar 'ya'yan a tire zuwa tashar mota. Da gwaibar nan na yi aure, da ita kuka yi makaranta. Habu kuwa ya riƙe hanyar Gwanja, ya yi motoci, ya yi gidan sama a unguwar Banikanni a Paraku, ya je Makka ba sau ɗaya ba. Ni sai da gemuna ya yi fari na je. Wannan shi ne kuɗin a'ar da na ce, kuma ni na zaɓa.

Kawu ya yi shekara uku bai taka gidanmu ba. Rannan ina saman tsani ina ɗaure reshe sai na ji tari a bayana. Shi ne, da babbar riga, motarsa tana jira a ƙofar gida za su wuce Paraku. Na sauko da sauri na durƙusa. Ya amsa gaisuwa, ya zagaya lambun hannu a baya, yana ɗaga kai yana duba ƙulle-ƙullen. Ya tsinki ɗaya ya shinshina, ya goge a hannun riga, ya ci har ya cinye.

"Da ka bi maganata, da yanzu motar da ke waje taka ce."

"Na sani, Kawu."

"Ba ka taɓa yin da-na-sani ba?"

"Nakan yi, Kawu. In motar Habu ta wuce nakan ji wani abu. Sai in shigo nan ya wuce."

Ya yi ɗan murmushi, ya girgiza kai.

"Ko ba komai ba ka iya ƙarya ba. Akwai wadda ta yi saiwa? Bayan ɗakina akwai wuri."

Na zaɓo wadda ta fi kowace ƙarfi, na shirya ta a kwando da jiƙaƙƙen ganye, na ɗauka zuwa mota. Direba ya miƙo hannu zai jefa ta baya kan kaya. Kawu ya hana, ya ce iska za ta kashe ta. Ya hau gaba, ya tattare babbar rigarsa, ya ce in miƙo. Ya ɗora kwandon a cinya, laka tana ɗiga a kan farin yadi, ganyen yana shafar gemunsa. Mota ta tashi, ya leƙo ta taga.

"Sau nawa ake ba ta ruwa?"

"Safe da yamma, Kawu, har ta kama."

Ya gyaɗa kai, ya sa hannu biyu ya riƙe kwandon, suka hau hanya.